Daga Ganuwar Kebek Zuwa Ƙarshen Ƙasa: Abin da Na Gani a Hutun Bana

Da na buga wa mahaifiyata waya a Kano na shaida mata cewa za mu yi tafiyar kwana 12 zuwa gabashin Kanada, tambayar da ta fara yi mini ita ce, “Wa kuke da shi a can?” Na ce ba mu da kowa, hutu ne kawai, za mu je mu ga garuruwa, mu ga teku, mu kwana a daji. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Daji kuma? Da yaran? To, Allah Ya tsare, Ya kai ku lafiya.” Ban ga laifin tambayarta ba, domin a tarbiyyar da muka tashi a cikinta tafiya ba ta rasa dalili: ko fatauci, ko neman ilimi, ko aikin Hajji, ko ci-rani, ko zumuncin biki da gaisuwar mutuwa. Kakanninmu sun taka har Gwanja sarin goro, sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, amma ban taɓa jin wanda ya ɗaura kaya don kawai ya je ya tsaya a bakin ruwa yana kallo ba. Ni kaina sai da na shekara 9 a Otawa kafin na yarda in kashe kuɗi a irin wannan tafiya.

Iyali biyu muka tafi, a mota biyu, da yara 5. Abokin tafiyata Badamagare ne da ke zaune a Montiriyal, a filin Idi muka haɗu shekarun baya, kuma tun daga ranar zumunci ya ƙullu. Ni Faransancina bai wuce gaisuwa ba, shi kuma ba ya sakin jiki da Turanci, saboda haka Hausa ce ke haɗa mu, kamar yadda take haɗa matanmu. Yaran ne ba abin da ke haɗa su. Nawa Turanci ne a bakinsu, nasa Faransanci, kuma duk da cewa kowanensu yana jin Hausa idan an yi masa magana, babu mai mayar da amsa da ita sai an matsa masa. Nasa suna ce mini “Tonton”, nawa kuma suna ce masa “Baffa” saboda na tsaya a kan hakan tun suna ƙanana.

Montiriyal ba mu daɗe a cikinta ba. Mun hau dutsen da ke tsakiyar birnin mun hango kogin Saint-Laurent, mun zaga kasuwar Jean-Talon, sannan muka cika akwatin ƙanƙara da naman halal, domin abokina ya gargaɗe mu cewa da zarar mun wuce birnin Kebek sai dai mu dogara da kifi. Matata ta riga ta tanadi dambun nama da yajin ƙuli, ita kuma matarsa ta zo da kilishin da aka aiko mata daga gida.

A birnin Kebek ne zuciyata ta fara motsawa. Wani Bafaranshe, Samuel de Champlain, ne ya kafa shi a 1608, kuma shi ne birni ɗaya tilo a arewa da Meziko da har yanzu ganuwarsa ke tsaye. Tsawonta bai wuce kilomita 4.6 ba, ana hawa kanta a yi tafiya, yara na gudu a kan ciyawa, tsofaffi na zaune a kan benci suna kallon kogi. Da farko na ɗauka cewa mutanen nan haka Allah Ya yi su da son kayan tarihi, sai da na karanta allunan da ke bakin ƙofofin na gane ba haka ba ne. Bayan sojojin Ingila sun bar birnin a 1871, mutanen gari da kansu suka fara rushe ƙofofi don a buɗe hanya ga kekunan doki da harkar kasuwa, kuma niyyarsu ita ce a kawar da ganuwar gaba ɗaya. Gwamna Janar na lokacin, Lord Dufferin, shi ne ya sa baki, aka dakata, aka sake gina wasu ƙofofin da faɗi don hanya ta wuce ba tare da an taɓa sauran ba. Bayan fiye da shekara 100, a 1985, Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma yau otel-otel da gidajen abinci da masu sayar da tsaraba duk albarkacin wannan bangon suke ci.

Ina tsaye a kai ina tuna badalar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, ɗaruruwan shekaru kafin Faransawa su taka wannan nahiyar. Ina yaro muna hawa badala ta wajen Ƙofar Na'isa mu sha iska da la'asar. Zuwana na ƙarshe gida, wurare da yawa sun zama tudun ƙasa da bola, an ɗebi ƙasar an yi bulo, an yanka filaye an yi shaguna. Na san za a ce dutse daban, ƙasa daban, kuma gaskiya ne ginin ƙasa yana bukatar yaɓe a kai a kai, wanda a da aikin gayya ne na dukan gari. Sai dai abokina ya tuna mini cewa hasumiyar masallacin Agadas ma ta ƙasa ce, tsayinta mita 27, kuma tana nan tsaye saboda mutanen garin ba su daina yaɓe ta ba, har UNESCO ta karɓi tsohon garin a 2013. Ban sami abin da zan ce masa ba.

Abin da ya fi ganuwar ɗaukar hankalina shi ne harshe. Mutanen jihar Kebek kimanin miliyan 9 ne kawai, a tsakiyar masu jin Turanci sama da miliyan 300, kuma tun da sojojin Faransa suka sha kashi a hannun Ingila a filin Abraham, bakin birnin Kebek, a 1759 suke ƙarƙashin tutar da ba tasu ba. Duk da haka, tun daga alamar tsayawa ta bakin titi, wadda aka rubuta “Arrêt” a kanta, har zuwa takardar kuɗin mai da sunan gidan soyayyen kaza na KFC, wanda a can ya koma PFK, komai da Faransanci ne. A jikin lambar kowace mota an rubuta “Je me souviens”, wato “Ina tune”. Wannan ma ba haka kawai ya faru ba. Kafin shekarun 1960, a Montiriyal mai gida Turanci yake yi, ɗan aiki Faransanci, kuma baƙin da ke shigowa suna kai 'ya'yansu makarantun Turanci domin nan ne abinci yake. A 1977 gwamnatin René Lévesque ta kafa dokar da aka fi sani da Doka ta 101, wadda ta mayar da Faransanci harshen aiki da kasuwanci da alluna, ta kuma wajabta wa 'ya'yan baƙi karatu da shi. Abin ya jawo musu asara, domin kamfanoni da iyalai masu jin Turanci da yawa sun kwashe sun koma Toronto, kuma an yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, aka sassauta wasu sassan. Amma 'ya'yan abokina, jikokin Damagaram, yau da Faransancin Kebek suke mafarki, kuma wannan dokar ce ta sa.

Mu Hausawa mun ninka mutanen Kebek sau da yawa, kuma ina ganin yawan nan ne ya sa muka saki jiki. Muna jin gidajen rediyon duniya suna magana da harshenmu, muna ganin Bayarabe da Inyamuri da Bazabarme suna ciniki da shi, sai mu ɗauka babu abin da zai taɓa shi. Amma ka bi titin Zoo ko Murtala Muhammad a Kano ka ƙirga allunan shagunan da aka rubuta da Hausa, ka shiga makarantun kuɗi ka ga yadda ake cin yaro tara don ya yi magana da harshen uwarsa. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda a yi muhawara a Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma har yau ana jiran tanadin. Abokina yana alfahari da cewa a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci harshen aiki, amma shi da bakinsa ya ce rubutu a takarda ba ya buga littafin lissafi, ba ya horar da malami. A Kebek an kafa hukuma mai ma'aikata da kasafin kuɗi, wadda aikinta ya haɗa da ƙirƙiro kalmomin Faransanci ga duk sabon abin da ya shigo, da bin shaguna a ga ko an kiyaye doka.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin matanmu biyu da hijabi suka yi wannan tafiya. Kishin da ya kare harshen nan yakan zarce ya zama tsoron baƙo. A 2019 jihar ta kafa Doka ta 21, wadda ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da lauyoyin gwamnati sanya alamar addini a bakin aiki, kuma kowa ya san mace mai ɗankwali ce ta fi jin zafinta. Mun yi sallar Juma'a a babban masallacin unguwar Sainte-Foy, inda ranar 29 ga Janairun 2017 wani ya shiga bayan sallar isha'i ya kashe mutum 6, biyu daga cikinsu 'yan Gini, Allah Ya ji ƙansu. Babu wanda ya yi mana kallon banza a tsawon kwanakinmu, a ƙauyuka ma tsofaffi ne ke fara gaishe mu, kuma da zarar matar abokina ta buɗe baki da Faransanci sai fuska ta sake, hira ta ɓarke. Duk da haka na riƙe a raina cewa mai tsaron gida yana iya wuce gona da iri, kuma idan har za mu ɗauki darasi daga gare su, to kada mu ɗauko har da wannan, mu da muke zaune da ɗaruruwan ƙabilu waɗanda su ma suke kukan cewa Hausa tana haɗiye harsunansu.

Daga Kebek muka bi gaɓar arewa zuwa Tadoussac, inda kogin Saguenay ke zuba cikin Saint-Laurent. A nan kogin ya riga ya zama teku a ido da a baki, ruwan gishiri ne, mai sanyin da ƙafa ba ta iya jure minti ɗaya a cikinsa ko a watan Yuli. Mutane suna zuwa ne don ganin manyan dabbobin ruwa masu shayar da 'ya'yansu nono, waɗanda Faransawa ke kira baleine. Mun zauna a kan duwatsu wajen awa 2, yara sun fara ƙorafi, sai muka ji wani huci kamar an sace iskar tayar babbar mota, baƙin gadon baya ya ɓullo ya nutse a hankali, bai fi jifa biyu daga inda muke ba. Ɗana babba ya ɗauka a waya, hannunsa na rawa. Daga nesa kuma muka hango farare tas, waɗanda ake kira beluga. Su waɗannan doka ta hana kowane jirgi ko kwalekwale ya matso su ƙasa da mita 400, a cikin gandun ruwan da aka kafa a wurin a 1998. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a shekarun 1930 gwamnatin jihar lada take biya ga duk wanda ya kashe ɗaya, bisa zargin cewa suna cinye kifin masunta, kuma ba a hana farautarsu ba sai 1979. Ashe su ma sai da suka yi ɓarna har suka kusa ganin ƙarshen abin, sannan suka dawo cikin hayyacinsu.

Jirgin fito ya tsallakar da mu daga Les Escoumins zuwa Trois-Pistoles cikin kusan awa ɗaya da rabi, muka kama hanya mai lamba 132, wadda ke zagaye yankin Gaspésie. Daga Montiriyal zuwa can ƙurya ya kusa nisan Kano zuwa Legas. Akwai wuraren da hanyar ta matse tsakanin tsauni da teku, dutse a dama, igiyar ruwa a hagu, kowane ƙauye da cocinsa mai dogon tsini da 'yan gidaje farare, Turanci kuma sai ka yi yini ba ka ji shi ba.

A gandun dajin Forillon muka kafa tanti na kwana 3. Tun watanni kafin mu zo muka biya ta intanet, aka ba mu wuri mai lamba. Wata yarinya ma'aikaciyar gandun, wadda ba ta wuce shekara 20 ba, ta karanta mana ƙa'idoji: kada a bar abinci a waje saboda beyar, wata babbar dabbar dajin can, kada a tsinci ko tsinke a daji don hura wuta, itace sai wanda aka saya a wurin. Daren farko matata ba ta runtsa ba. Wajen ƙarfe 2 muka ji ana motsi a bayan tanti, na haska tocila, sai ga beguwa tana tafiyarta ba ta ko kula mu ba. Da gari ya waye na tambaye ta ko tsoron dabbobi ne ya hana ta barci, sai ta ce, “Wallahi, Baban yara, ba dabba nake sauraro ba. Kunnena ƙarar babura yake jira.” Maganar nan ta tsaya mini a rai har yau. Mu yanzu idan aka ce daji, Rugu muke tunawa, da Kamuku, da Sambisa, alhali Sambisa gandun namun daji ne a da, Kamuku kuma har yanzu sunansa gandun ƙasa. Ina sakandare an kai mu Yankari, mun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, mun ga giwaye da idonmu, kuma babu uban da ya hana ɗansa zuwa. Abokina ya ba da labarin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa kimanin 50 a tsakiyar shekarun 1990, manoman yankin suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake har suka haura 600, sannan harin watan Agustan 2020, wanda ya ci ran Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, ya kori baƙi daga wurin. Dajin da gwamnati ta janye ƙafa daga cikinsa ba ya zama kango, wani ne ke shiga.

Sai dai kyan Forillon yana da tabo, kuma ba su ɓoye shi ba. Da aka kafa gandun a 1970, iyalai kusan 225 aka tasa daga gidajensu, masunta da manoma waɗanda kakanninsu suka shekara fiye da 100 suna shanya kifin morue da gishiri a wannan gaɓa ana kai shi Italiya da Sifen da Barazil. An ba su diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, an rushe gidaje, an ƙone wasu. A Grande-Grave an bar kanti ɗaya da 'yan gidaje don masu yawon buɗe ido, kuma akwai maƙabartu a cikin gandun da har yanzu zuriyarsu ke zuwa ziyara. Sai a 2011 Majalisar Tarayyar Kanada ta nemi gafararsu, aka ba su da 'ya'yansu da jikokinsu izinin shiga kyauta ƙasar da aka haife su a kai. Na tsaya a gaban hotunan mutanen ina tunanin makiyaya da manoman da ke gefen gandayenmu, domin duk ranar da aka tashi gyara dazukanmu, akwai masu cewa a kori kowa a ja waya. Wanda aka raba da gonarsa da makiyayarsa ba tare da an zauna da shi ba, ba zai taɓa zama mai gadin dajin ba, kuma mun ga abin da hakan ke haifarwa. Ni a ganina hanyar mutanen Kure, inda ɗan ƙauye ne ɗan jagora kuma yana samun abin sakawa a aljihu, ta fi ta Forillon adalci, ko da kuwa Forillon ta fi tsari da kuɗi.

Mun taka kilomita 4 zuwa Cap Gaspé, inda tsauni ya yanke tsaye ya faɗa teku. Sunan Gaspé daga harshen Mi'kmaq ya fito, mutanen da matuƙin jirgin ruwan Faransa Jacques Cartier ya tarar a yankin nan da danginsu tun kafin ya kafa gicciyensa a 1534, kuma ma'anarsa ƙarshen ƙasa. A nan azahar ta same mu. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, saboda haka teku muka fuskanta, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, iska na kaɗa mana riguna, babu komai a gabanmu sai ruwa da sama.

Percé ce zangonmu na ƙarshe, garin da ke kallon wani ƙaton dutse mai ƙofa a tsakiyar ruwa, tsayinsa mita 88. Jirgi ya kai mu tsibirin Bonaventure, inda tsuntsayen teku fiye da 100,000 ke sheƙa wuri ɗaya, farare masu rawayan kai, kukansu da warinsu suna tarbar mutum tun kafin ya fito daga cikin bishiyoyi. Igiya ɗaya ce kawai tsakaninmu da su, kuma babu wanda ya tsallake ta.

A daren, muna shan shayi a bakin ruwa, yaran suna gefe sun kasu gida biyu kamar kullum, kowane ɓangare da harshensa. Abokina ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “Malam, mutanen nan doka suka kafa. Mu ma daga nan har Montiriyal, babu Turanci, babu Faransanci a cikin mota.” Da safe muka cakuɗa yaran, biyu nasa suka shiga motata. Mun yi tafiyar kusan awa ɗaya babu mai cewa uffan, har sai da ƙaramar 'yarsa ta taɓa 'yata ta ce, “Ba ni ruwa.” Daga nan aka fara, ana yi ana tuntuɓe, matata tana gyara musu.

Can sai ɗana ya tambaye ni sunan dabbar da ya ɗauka a Tadoussac da Hausa. Na ce bari mu tambayi Hajiya, mahaifiyata. Da muka tsaya shan mai, ya tura mata hoton bidiyon ta WhatsApp, ya kira ta, ya haɗa tambayar da kansa, kalma bayan kalma. Ta sa aka sake kunna mata sau biyu, muna jin ta tana salati, sannan ta ce, “Kai, ɗan nan, ai wannan kifin Annabi Yunusa ne. A ina kuka gan shi?” Ya dube ni, na yi masa alama ya ci gaba, ya gyara zama ya fara ba ta labari.